Zanen Maman Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shimfiɗa bargon ƙyallayena a wata gona a bayan Dubai ba.

Ni dai a gonar kakata na tashi, can wajen Bichi. In an gama girbi ana jiran ruwan fari, mata sukan zauna a gindin mangwaro su haɗa ƙyallaye su ɗinka abin rufa. A gidanmu duk zanen da ya koɗe, aka gan shi yashe a ƙasa, tsumma ne, kowa na iya sa masa almakashi. Da wannan ilimin na zo Dubai, na samu aiki a wani sito a Jebel Ali, na kama ɗaki a Al Nahda tare da Rifkatu, 'yar Kafanchan, mai aiki a otal.

Shekarar nan kewar gida ta ci ni. Daga bas sai sito, daga sito sai bas. Abin da ya riƙe ni kawai shi ne fitar da 'yan Arewa suka shirya zuwa gona a ƙarshen Fabrairu, lokacin da sanyi ke ban kwana, zafi bai sauko ba. Na rantse sai na je da abin shimfiɗa irin na kakata, kowa ya san jikar wace ce ni. (Son a yaba ne kawai, gara in faɗa da bakina.) Na bi telolin unguwar Abu Hail ina roƙon guntayen atamfa. Ina ɗinki da hannu in Rifkatu na wurin aiki, in tura shi ƙarƙashin gado, wai don in ba ta mamaki.

Tsakiyar bargon ce ta rage. Rannan sai ga wani tsohon zane a baranda, kusa da bokitin goge-goge, ya koɗe har ba a gane launinsa. Ko tambaya ban yi ba. Na yanka shi gida goma sha biyu.

Washegari Rifkatu ta fara cigiyar zanen mamarta. Mamar ta rasu Rifkatu tana nan Dubai, ba ta samu hutu ta je jana'iza ba, zanen ne kaɗai ƙanwarta ta aiko mata ta kago, wato jirgin kaya. Ta ce shuɗi ne, ta shanya shi a igiya. Ni kuwa, sarauniyar hankali, wata babbar atamfa mai ƙyalli na zana a raina. Na taya ta nema har ƙasan bene, na zagi iska, na ce maƙwabtanmu ba su da tsoron Allah. Mako biyu yarinyar nan ba ta cin abincin kirki.

Ranar fita ta zo. Ga dabinai, ga awaki, ga warin taki kamar ina gida. Na baza bargon a inuwa na ce, yalla, ku matso, bismillah. Aka zauna ana ta Masha Allah, ana ɗaukar hoto, kaina ya kumbura. Sai ga Rifkatu ɗauke da kular shinkafa. Ta tsaya cak. Ta ajiye kular, ta durƙusa, ta roƙi wani bawan Allah ya ɗaga ƙafarsa. Ta sa yatsa a kan wani ɗan faci na jan zare.

"'Yar uwa," ta ce a hankali, "wannan ɗinkin Mama ce ta yi shi."

Mutane suka riƙa zamewa daga kan bargon ɗaya bayan ɗaya, kowa da kofin shayinsa. Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai, "Ai na zaci tsumma ne." Kun ji fa, a gaban jama'a na kira zanen mamacin mutane tsumma.

Na ce zan warware in haɗa mata shi. Ta ce in bari, ya sha almakashi haka nan. Ta naɗe bargon ta rungume, haka muka koma gida.

Har yanzu ɗakinmu ɗaya. Muna gaisawa, da bargon take rufa, amma ba ta taɓa cewa ta yafe ba, ni ma kunya ta hana ni tambaya. Abin da na koya dai shi ne, a ƙasar da ake auna kaya kilo-kilo kafin su hau jirgi, ba mai aiko wa ɗan uwansa tsumma daga gida.