Jikan Mai Magani a Ɗakin Intabiyu

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da na je intabiyun neman gurbin digiri a fannin Ayurveda ba, kuma ko ni na so in manta, matata Hadiza ba za ta bari ba. Ga wanda bai sani ba, Ayurveda maganin gargajiya ne na mutanen Indiya, irin na saiwa da ganye da tausa, sai dai su sun rubuta nasu a littafi har ana ba da digiri a kai. A lokacin shekaruna arba'in da uku, goma sha ɗaya daga ciki na yi su ne a tsaye ina gadin wani kanti a Stratford, nan ƙasar Turawa. Ƙafa ta gaji, baya ya ƙage. Wani Ba'indiye ya yi min tausa da mai mai ɗumi sau uku na miƙe garau, shi ke nan na ce na samo sana'ar da za ta raba ni da tsayuwa.

Na buɗe shafin wata kwaleji na duba sharuɗɗan shiga: takardar A-level ta gama sakandare a Bayoloji ko Kemistiri, shaidar jin Turanci, takardar bayanin kai, da mutum biyu da za su tsaya maka. Na Turancin ne ya fara ɓata min rai. Kullum da Turanci nake cacar baki da ɓarayin turare, amma wai sai na kawo takarda. Bayoloji kuwa mun rabu tun a sakandare a Gusau, kuma ba rabuwar arziki muka yi ba. Can ƙasa da ƙananan haruffa sai na ga an ce wanda ya manyanta za a iya duba gogewarsa a maimakon takardun kimiyya. Wannan layin kaɗai na riƙe.

Kakata, marigayiya Iya Abu, mai magani ce, har daga ƙauyuka ake zuwa wurinta. Na zauna na cika shafi biyu cewa a gabanta na tashi, na gaji sanin tsirrai tun ina ɗan ƙarami. (Kada ku tambaye ni kashi nawa ne gaskiya. Kakar dai tawa ce.) Hadiza ta karanta ta dube ni ta ce, "Baban Amira, kai da ko zogale da rama ba ka bambancewa a kwano?" Na ce mata ai annabi ma a gida aka fara ƙaryata shi, ta ce in nemi tsari.

Da aka kira ni intabiyu sai na ga baki kaɗai ba zai wadatar ba. Na buga wa mahaifiyata Inna waya a Gusau ta haɗo min ganyaye kala biyar, kowanne a ledarsa, ta biyo su da saƙon murya: baƙar leda sabara ce, shuɗiya ɗoɗɗoya, haka har ƙarshe. To, bawan Allahn da ya taho da su, don tsoron kwastan, ya juye su duka a fararen ledoji ya yar da na Inna. Na tambaye shi wanne ne wanne, ya ce ai duk ganye ne. Har yau in na tuna amsar nan raina sai ya ɓaci. Ga su nan a kan teburin kicin, duk busassu, duk dakakku, duk kore.

Mai hankali zai kira Inna ya nuna mata ta bidiyo. Amma Hadiza na falo tana jiran ta ji jikan mai magani yana tambaya. Sai na shinshina su ɗaya bayan ɗaya da hancin da mura ta toshe, na manna wa kowanne suna da hannuna.

Na karanta cewa Indiyawa na girmama wani ganye, tulsi, ɗan'uwan ɗoɗɗoyarmu, wai yana kwantar da hankali. Ranar intabiyu bayan sallar asuba na dafa cikin tafi biyu daga ledar da na rubuta wa ɗoɗɗoya, na shanye manyan kofuna biyu, na cika fulas da sauran. Ƙarfe biyu na rana aka ba ni. A cikin tube, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, na ji ciki yana ɗan gunaguni, na ce fargaba ce, na ƙara kurɓa.

Wata dattijuwar likita Ba'indiya mai tabarau ce ta zauna da ni, da wani Bature daga ofishin ɗaukar ɗalibai. Ta tambaye ni aikin hanta, na karkata zancen zuwa kan Iya Abu. Ta sake tambaya, na buɗe jaka na jera ledojina a teburinsu, har na tsiyaya mata a murfin fulas na ce ta ɗanɗana tulsin ƙasar Hausa. Ba ta sha ba. Ta shinshina, ta murza ganyen ledar da na rubuta wa ɗoɗɗoya a tafin hannunta, sannan ta lalubo wani hoto a wayarta ta juyo min. Sunan da ta faɗa ban san shi ba, amma hoton na gane shi, don yana nan birjik a bayan gidanmu. Filasko ne, wanda ake bai wa mai cushewar ciki ɗan kaɗan a yi ta addu'a.

"Nawa ka sha?" in ji ta.

Na ce kofi biyu da ɗan ƙari, tun asuba. Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Daidai nan cikina ya yi wata ƙara da Baturen ya ajiye bironsa.

"Ƙofa ta biyu a hannun hagu," ta ce a hankali. "Bar kayan, za mu kula maka da su."

Ban yi gudu ba, don gudun ma haɗari ne. Na fita da irin tafiyar da ba ta da suna, babbar rigar shaddata tana ta ƙara. Sau uku na fita na dawo, intabiyun minti ashirin muka yi shi kashi-kashi. A zama na ƙarshe likitar ta miƙo min ruwa ta tambaye ni ko kakata nawa take auna wa babban mutum. Na ce ban sani ba. Ta ce tabbas kakar tawa ta sani. Wallahi da ta yi min dariya da ya fi min sauƙi.

Kafin in isa gida Dagenham na san banɗakin tashoshi huɗu. Bayan mako biyu wasiƙa ta iso, wai in yi kwas ɗin share fage na kimiyya na shekara guda sannan in sake nema. Hadiza ce ta tsegunta wa Inna. Inna ta yi dariya har da tari, sannan ta ce, "Sau nawa Iya ta kira ka ka raka ta jeji kana filin ƙwallo? Yanzu ga ta a ƙasa, wa za ka tambaya?" Na yi mata sallama na ajiye wayar.

Yanzu da rana ina tsaye a bakin kanti, da yamma ina aji ina zana hanta. Na dai gane cewa gida da gona ake gada, sani kuwa sai ka tsuguna a gaban mai shi tun yana da rai. Abu ɗaya kawai zan iya rantsewa a kai gaban kowane kwamiti: maganin gidanmu yana aiki.