Zakkar Dukiyar da Ban Mallaka Ba

Ba zan taɓa mantawa da darasin zakka na waccan Asabar ba, ko da ɗalibaina za su yi mini alfarmar mantawa.

Ɗiyata Ramatu, wadda ke aikin kontabul, wato lissafin kuɗi, ita ce ta karɓo mini kart na banki, irin wanda ake sayayya da shi bashi a biya daga baya. Na amince ne bisa sharaɗi guda, cewa idan an biya kafin wata ya ƙare babu ƙari, domin ban kai wannan shekaru ina gudun riba don in faɗa mata da furfura ba. Sai ta buɗe mini wani fili a ordinata, wato kwamfuta, rubutu tsura babu ado, ta koya mini ƙa'ida: kowane kuɗi layi biyu ne, inda ya fito da inda ya shiga, kuma jimlarsu ta zama sifiri. Idan ba su daidaita ba, na'urar za ta ƙi karɓa. Tsarin ya burge ni ƙwarai, na ce mata wannan mizani ne. Ta ce, "Baba, kart dai a ƙarƙashin Bashi ake sa shi." Na gyaɗa kai irin na wanda ya karantar da rabon gado tun kafin a haife ta.

Bayan ta koma Damagaram, banki ya sanar da ni wani adadi mai kauri da ya kira plafon. Na ga kuɗi da sunana, na rubuta su ƙarƙashin Dukiya. Na'ura ta nemi layi na biyu. Na yi nazari a kan inda suka fito, ban gano ba, sai na rubuta: Falalar Allah. Jimla ta zama sifiri, na'ura ta yi shiru, ni kuma na ɗauki shirunta yarda.

Ban taɓa kart ɗin ba (tsoro nake ji) har shekara ta kewayo. Dukiya ta haura nisabi, ta kuma cika shekara, hukunci a bayyane yake. Na je gishe, wurin cire kuɗi na banki, na ciro zakkarta da kart ɗin kansa, na kai wa wasu masu lambu a Gudel da injin ban ruwansu ya lalace. Sun yi mini addu'a mai tsawo.

Da a nan na tsaya, da asirina ya rufu. Amma ranar Asabar, a zaurena na unguwar Lazare, muka iso babin zakka, sai na ga dacewar kawo misali daga zamani. Na buɗe ordinata gaban ɗalibai, na bi layukan ɗaya bayan ɗaya, har na yi ɗan tsokaci kan malaman da suka ƙi koyon sabon ilimi.

Cikin masu saurare akwai Alhaji Mamane, ɗan kasuwar albasa daga Tawa, wanda ya dawo karatu da tsufa. Ya matso, ya gyara tabarau, ya tambaye ni cikin ladabi ko falalar nan ta zo da takardar banki. Na ce ta zo. Ya bayyana, a hankali kamar mai yin ta'aziyya, cewa plafon iyakar abin da aka yarda in ranta ne, ko dala ba tawa ba ce, kuma abin da na ciro bashi ne da ke jiran ƙarshen wata. Wata kuwa ya kusa ƙarewa, aljihuna babu abin biya, masu lambu sun riga sun gyara inji.

Wani ɗalibi ya shiga duba rufin ɗaki da himma.

"Allah gafarta Malam," in ji Alhaji Mamane, "ai ka karantar da mu cewa mai bashi yana cikin waɗanda ake bai wa zakka. Ni kuwa ban fitar da tawa ba tukuna."

Na binciki mas'alar a raina ta kowace fuska ko zan sami hujjar ƙi, ban samu ba, domin ni na koya masa ita. Ranar Litinin aka biya banki da zakkar Alhaji Mamane kafin riba ta hau. Da dare Ramatu ta gyara layukan ta tarho, kuma ba ta yi dariya ba sai da ta ɗauka na kashe.

Na fahimci cewa na'urar nan daidaito kaɗai take dubawa, gaskiyar layi kuwa tana wuyan mai rubutawa. Yanzu idan muka iso babin zakka, misalin raƙuma nake kawowa.