Nomau Ya Raka Inna Abuja

A Rafin Kanya, can ƙasar Funtuwa, akwai wani gida mai ɗaki biyu da rumbu ɗaya. Mutum biyu ne a cikinsa: Inna Kande da autanta Nomau. Nomau ya haura talatin, ƙato ne, ya iya noma, ba ya ƙarya, ba ya faɗa da kowa. Aibinsa ɗaya: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukar ta, ba ragi ba ƙari. Yayarsa Tasalla kuwa shekararta goma sha ɗaya a Abuja, tana tuwon sayarwa a bakin kasuwar katako ta Dei-Dei. Mace ce mai zafin rai, ko masu dakon katako ba sa wasa da ita.

Da yanar ido ta rufe idanun Inna har ta daina bambance wake da tsakuwa, Tasalla ta ji labarin wani asibitin ido da ya kawo baƙon likita, kwana goma kacal zai yi. Ta ce a kawo Inna maza. Aka duba, babu mai rakiya sai Nomau.

Wata rana da hantsi suna tasha, Tasalla ta kira shi a waya. "Ku shiga motar Lakwaja. In ka ga gadar sama da masu lemo da ayaba, Zuba ke nan, ka ce akwai sauka. Kuma ka sa ido a kan jakar Inna, takardunta suna ciki." Nomau ya ce to. Mota na tashi ya ɗora jakar a cinya, ya kifa fuska, ya manna idon dama a kanta. In ya gaji ya sauya na hagu. Haka aka wuce Zariya, aka wuce Kaduna. Tasalla tana tsaye a Zuba tun azahar, da la'asar ta sake kira.

"Kuna ina?"

"Muna cikin mota, Yaya."

"Na sani! Me kake gani?"

"Zif."

Sai da na kusa da shi ya karɓi wayar ya ce ai har sun wuce Gwagwalada. Tasalla ta bi su ta same su zaune a bakin titi a Kwali, Inna da ƙishirwa, Nomau da shatin zif a fatar ido. Ba ta ko gaishe shi ba. Tuwon ranar gaba ɗaya ya yi kwantai.

Wata rana ta tashe shi da sassafe ya je asibiti ya karɓo wa Inna lamba, don mutum talatin kawai ake gani a yini. Ta kwatanta masa hanya tiryan-tiryan, ta ce, "In ka sauka a mahaɗar nan, motocin garin nan ba sa tsayawa don kowa. Kada ka kuskura ka tsallaka sai danja ta ba ka hannu." Nomau ya isa, ya tsaya gindin fitilar, ya yi mata sallama, ya miƙa hannu. Ta yi ja, ta yi kore, ta sake yin ja, ba ta miƙo komai ba. Mutane suna ta wucewa suna bangazar sa, shi yana tsaye. Wajen ƙarfe goma aka ɗauke wuta, wani jami'i mai ba da hannu ya shigo tsakiyar titi ya ɗaga tafinsa don ya tsayar da motoci. Nomau ya ce alhamdulillahi, ashe wakili ta aiko. Ya ruga ya cafke hannun da hannu biyu yana girgizawa, yana tambayar iyali. Motocin gabas da na kudu suka taso a tare suka cakuɗe, kowa yana danna oda yana zagi. Jami'in ya fizge hannunsa da ƙyar, ya bi Nomau da kulki har bakin kwalbati. Ko da ya isa asibiti, an gama raba lamba tuni.

"Hannun ƙarfe kake jira?" in ji Tasalla, tana buga muciya a bakin tukunya. "Ƙarfe, Nomau! A wane gari ka taɓa gaisawa da ƙarfe?"

"Ni ma na yi mamaki, Yaya. Amma na ce ke kika san garin."

Wata rana ta rufe rumfa ta kai su da kanta. Suka samu lamba. Ta zaunar da Inna a benci tana yi mata fifita, ta ce wa Nomau, "Ga taga can, je ka yanko kati." Ya je, ya faɗi sunan Inna da shekarunta daidai, aka buga aka miƙo masa kati sabo fil. Ya koma gefe, ya zaro rezar da yake yanke farce da ita, ya raba katin biyu, a miƙe kamar da ma'auni. Ya kawo ya ce, "Wanne za a ba likita, wanne za mu riƙe?"

Tasalla ta kwashi gutsattsarin ta koma taga. Ma'aikaciyar ta ɗaga su sama tana nuna wa abokan aikinta, suna ta dariya, ta ce a kan me za a riƙa kwaso mutanen daji ana kawo musu. Nan Tasalla ta manta da wanda take fushi da shi.

"Wa kike kira mutumin daji? Shinkafar da kika ci da safe a kan tayil ɗin nan ta tsiro? Ƙanena ne, ni kaɗai nake da ikon zagin sa!"

An yi ta cacar baki har sai da wani dattijon ma'aikaci ya shiga tsakani. An sake kati, amma layin ranar ya wuce su. Aka rubuta wa Inna ranar ƙarshe ta likita. In aka sake kuskure ɗaya, sai baɗi.

Wata rana, cikin kwanakin jiran, Tasalla ta ga in ta ci gaba da ganin Nomau a rumfa za ta kwaɗa masa ludayi. Ta ba shi tsohuwar wayarta mai kyamara ta ce, "Tafi ka ga gari. Akwai lambun shaƙatawa a cikin birni. Ka ɗauko hoto mai kyau, mu nuna wa Inna in idonta ya buɗe." Nomau ya zaga lambun kaf yana neman hoto. A bakin ƙofa ya samu wanda ya fi kowanne: ƙaton allo mai hoton dawisu, an kafe shi da ƙafa biyu. Ya jijjiga shi yadda yake yi wa kututture a gona, ya tumɓuke, ya saɓa a kafaɗa ya kama hanya. Masu gadi uku suka cim masa. Suka mare shi, suka yaga masa riga, suka zaunar da shi a rana. Tasalla ta baro tukunya a wuta ta zo. Ita da ba ta taɓa durƙusa wa kowa a garin nan ba, ranar ta durƙusa a kan tsakuwa tana ba da haƙuri, har suka yarda ya mayar da allon ya kafe.

A hanyar gida ta juyo ta dube shi. "Wallahi da jaki na sa ya rako Inna da na fi samun sauƙi. Kai ba ɗan rakiya ba ne, kaya ne. Kaya biyu aka aiko mini."

Ranar Nomau bai ci tuwo ba, ya zauna bayan rumfa yana ɗinke rigarsa. Inna ta ce, ba tare da ta kama sunan 'yar farinta ba, "Ke 'yar nan, harshenki ya yi tsawo." Tasalla ta yi kamar ba ta ji ba.

Aka yi wa Inna aiki a ranar ƙarshe. Tasalla ba ta bar Nomau ya taɓa ko cokali ba.

Wata rana, wato kashegari, suka koma aka cire bandeji. Inna ta ga hannunta, ta ga 'ya'yanta, ta yi kuka, aka sa mata baƙin tabarau. Suka fito bakin titi da rana tsaka, ga zafi, ga tsohuwa a tsaye. Tasalla ta fi kowa sanin ba a shiga motar da ba ta tasha ba, amma da wata ƙaramar mota ta tsaya direban yana cewa Dei-Dei, ta ce yau ɗaya dai. Mutum ɗaya ne a baya, sanye da kaftani mai guga. Ta shigar da Inna, ta bi ta, ta ce wa Nomau ko kallon sa ba ta yi ba, "Kai shiga gaba."

Nomau ya shiga gaba. Ya zagaya ya tsaya a gaban mota, ya waiwayo ya yafito direba, ya fara tafiya a hankali kamar mai jan shanu zuwa rafi.

Tasalla ta buɗe baki za ta zage shi, sai ta ji ƙofofi sun kulle ƙyas. Mai kaftani ya ɗora mata wuƙa a haƙarƙari ya ce, "Waya da katin banki. In kika yi ihu, da tsohuwar zan fara." Direba ya taka mota zai fizga, sai ga bayan Nomau. Hanyar gefe ce, siririya, kwata a dama, dakali a hagu. Ya karkata dama, Nomau ya karkata dama. Ya koma hagu, Nomau ya koma hagu. Ya danna oda.

"Yi haƙuri, direba," in ji Nomau. "Inna ba ta son gudu."

Direban ya tunkuɗe shi da hancin mota har gwiwarsa ta daki ƙasa. Nomau ya tashi, jini na bin ƙaurinsa. Karo na farko tun zuwansa garin ransa ya ɓaci. Ya juyo ya dafa motar da hannu biyu ya daka tsawa: "An ce in shiga gaba, na shiga! Ba kai ka sa ni ba, ba kai za ka cire ni ba!"

Motoci sun yi layi a baya. Direbobi da masu sayar da ruwa suka taso a fusace, Nomau suka nufa, wani har ya ci kwalarsa. Inna ce ta cire tabarau, ta leƙa ta gilashi ta ƙwala da muryar da ba a san tana da ita ba: "Wuƙa! Ga wuƙa a jikin 'yata! Ina gani da idona!"

Taron ya juya kan motar. Mai kaftani ya ɓalle ƙofa ya tsallake kwata, ba a yi nisa ba aka kamo shi. Direban kuwa Nomau ya zaro shi ta taga, ya riƙe shi ƙam har 'yan sanda suka zo. A ƙarƙashin kujera aka samu jakunkunan mata huɗu da igiya.

Tasalla ta zauna a kan dakali. Ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure masa ƙafa, tana ɗaurewa tana faɗa, hawaye na zuba. "Da ya taka ka fa? Wa ya ce ka tsaya gaban mota?"

"Ke, Yaya."

Ta ja ɗankwalin ta ƙulle.

Ranar komawa gida ta raka su tasha da kanta. Ta tsayar da Nomau a bakin mota, ta daɗe tana auna kowace kalma kafin ta fitar da ita.

"Ka shiga cikin motar nan, ta ƙofa. Ka zauna a kan kujera, kusa da Inna. In mota ta tsaya a Funtuwa, ta daina motsi, ka fito, ta ƙofar dai, da ƙafafunka."

Nomau ya dube ta da tausayi, ya juya wajen Inna ya rage murya.

"Inna, anya Yaya lafiya take? Wannan ai kowa ya sani."