Laƙabin Injiniya Ya Ƙafar Mana da Famfo

Jama'a, yau ma na murɗa famfo ya yi mini tsaki. Ni kuwa wanki da guga ne abincina, ga kayan mutane jibge har sun fara wari. Na saɓa riga na nufi ofishin ruwa.

Can na tarar da wata ma'aikaciya ta zabga tagumi gaban baƙin allon kwamfuta. Na ce, "Baiwar Allah, injin ne ya mutu?"

Ta ce, "Baba, inji lafiyarsa ƙalau, ruwa ma tanki cike. Umarnin buɗewa ne ba mu iya karantawa."

Ashe mai girma Injiniya, ƙanin matar mai girma Darakta, shi ya rubuta jerin umarnin da kwamfuta ke bi ta raba wa unguwanni ruwa. Da yake yatsunsa na alfarma ba sa son wahala, sai ya yi wa kowane dogon umarni laƙabi. Maimakon a ga "buɗe bututun yamma", sai a ga "bb". Wani "zz", wani "k2". Fassarar laƙaban kuwa tana cikin kwamfutarsa ta hannu, ya tafi da ita kwas ƙasar waje. Kwamfutar ofis ta ce ita ba ta san wani "bb" ba. Ina laifinta? Ko ni aka kira da sunan da ban sani ba, ba na waiwayowa.

Maƙwabcina mai faci ya ce, "Ai gwaninta ke nan, rubutu kaɗan, aiki da yawa." Na ce gwanintar ɗinkin wando ba ƙofar ƙafa! Abin jama'a ka rubuta shi yadda na bayanka zai gane, ba kamar lambar layar kakarka ba.

Aka kafa kwamiti, aka sha lemo, aka buga wa gwanin waya. Ya ce shi ma "zz" ta kwanta masa, amma ga abin da yake zato, a gwada. Aka gwada. Tanki ya juye kaf a kwata, muna tsaye muna kallo, raina kamar ya fita.

Da na koma gida, matar tela da ta kawo mini wanki ta zo ta kwashe kayanta, sauran masu kaya ma suka bi sahu. Injiniya kuwa, an ce za a ƙara masa girma, don babu wanda ya iya aikinsa sai shi. Wannan kam, wallahi, ba su yi ƙarya ba.