Yadda Ake Zaɓen Tirelar Kayan Aiki Mai Daɗin Barci

Kai mai walda, kai da yara suka hana ka runtsawa da rana a gidanka, matso kusa. Ka ce wa uwargida kana bukatar ƙaramar tirela rufaffiya, irin wadda ake ɗaura wa mota a baya, don ɗaukar janareta da injin walda. Ta yarda. Ni da kai mun san ɗakin barci kake nema. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin barcin da rabonka da shi tun kana saurayi, kuma kowa zai rantse aiki kake yi.

1. Auna da jikinka

Mai sayarwa zai zaro tef ya ce, "Maigida, tsawon kayan naka nawa ne?" Kada ka amsa. Cire takalmi, shiga ciki, ka miƙe ɗoɗar a ƙasa. Juya dama, juya hagu. In ya zaro ido, ka ce, "Haka muke auna ƙarfe a sana'armu."

2. Guji buɗaɗɗiya

Zai nuna maka marar rufi, wai ta fi araha. Yi masa dariya. Ka taɓa ganin mai hankali yana barci unguwa na kallonsa? Ka ce ruwan sama kake jiye wa injin.

3. Nemi iska

Tirela marar taga da tsakar rana tanda ce. Zaɓi mai tagar iska a sama, ka ce saboda warin fetur. Masana sun tabbatar cewa injin walda ma yana son fanka, musamman daidai inda kansa yake.

4. Taya huɗu

Mai taya biyu ba ta da sirri. Da ka mirgina can ƙarshe, sai hancinta ya ɗaga sama, uwargida ta hango daga tagar kicin. Mai huɗu kuwa ko kokawa kake yi da filo ba ta motsi.

5. Maganin minshari

Faka a ƙofar gida, ka shimfiɗa katifa a ciki. Ajiye janareta a waje, nesa da tirelar, don hayaƙinsa ba ya wasa. Tayar da shi. Ƙararsa za ta haɗiye minsharinka, har ka ji uwargida tana korar yara: "Ku bar wajen nan, babanku na aiki, bawan Allah ko hutawa ba ya yi!" Kai, daɗi!

6. Sakata

Sakatar tirela a waje take, don masu ƙera ta ba su san janareta na da ra'ayin fita ba. Kada wannan ya dame ka, har ranar da surukinka zai zo aronta. Dattijon nan da ke yabonka a gaban dangi, yana cewa 'yarsa ta auri jarumi, zai ga ƙofa a sakaye, ya danna sakata, ya ɗaura tirelar a motarsa. Za ka farka kana tsalle tare da akwatin sifana. Kada ka yi ihu. Rungumi filo, ka yi ta addu'a.

7. In ƙofa ta buɗe

Za ka gan ka a tsakar gidan surukai: ga Baba, ga jikoki sun kewaye shi suna ja masa riga, ga rediyon maƙwabta na tashi. Miƙe da sauri ka durƙusa.

"Baba, barka da rana. Ina... duba ƙasan ne."

Zai dubi katifa, ya dubi filo, ya dubi fanka. Zai waiwaya ya dubi jikokin. Sannan ya sa ƙafa ciki, ya rage murya.

"Wa ya san da wannan?"

"Babu kowa, Baba."

"Madalla. Je gida ka ɗauko janaretan, ka tayar mini da shi. In sun tambaya, ka ce walda nake koyo."

Daga ranar, tirela ta koma gidansa, kai kuma ka samu sabon aiki: gadin ƙofa a cikin rana, kana korar yara.

Gargaɗi: mai wannan shawara ba shi da hannu a ƙullutun goshi, fushin uwargida, ko rasa tirela. Alkawarin barci na yi, kuma an yi barcin. Wanda ya yi shi kuwa, wannan maganar cikin gida ce, ku sasanta da Baba in ya farka.