Rasuwar Takalmin Baba, Saura Rabin Yini a Isa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, kunya kuma ta danne, Tela na bakin kasuwa yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar takalmin mahaifinsa, na fata, ɗinkin hannu. Ya rasu ranar Talata da rana tsaka, a gefen kwalta, a kwana na goma sha tara na tattakin ziyara, saura rabin yini a isa. Ya bar duniya yana da shekara ashirin da shida.

Marigayin ya yi yawancin rayuwarsa a ƙafar Baba, mai raba wasiƙu, kuma babu lungun da bai shiga ba. Duk wanda ya san shi ya shaide shi da haƙuri. Bai taɓa cizon ɗan yatsa ba, bai taɓa kwancewa a gaban surukai ba. Ƙafar dama ba ta da magana, ta hagu ce mai ɗan surutu, kullum ƙyaƙ, ƙyaƙ, har yaran gida kan ji ta tun daga zaure su gyara zama. Baba ya yi shekaru yana cewa da wannan takalmin zai taka zuwa wurin ziyara, sai ajali ya riga shi. Shi ya sa da Tela ya ɗaura niyyar tafiyar, Inna ta ciro shi daga ƙarƙashin gado, ta haɗa masa da ɗan gwangwanin mai. Ta ce, “Ka riƙa shafa masa kowace yamma. Ni dai ka kai shi ya taka ƙasar wurin, ko mahaifinku ya samu ladan niyyarsa.” Abin da ta roƙa ke nan, ba ta ce a kawo mata ko tsinke ba.

Game da jinya, likita ba shi da abin faɗa, Tela ne yake da shi. Mutum ne da ƙafarsa ba ta san wani aiki ba sai taka keken ɗinki a inuwa. Tun kwana na uku rana ta fara dukan ƙeya, kwalta ta yi laushi, ruwan gora ya koma kamar na wanka, dugadugansa suka tsage da faso. Ya dubi gwangwanin nan, ya dubi takalmin, ya dubi ƙafarsa, ya ce ai mai rai ya fi buƙata. Haka ya shafe man tas cikin mako guda, marigayin yana gefe yana kallo. A kwana na goma sha biyu shi da ayarin masu ziyara suka tarar da rafi. Tela ya faɗa ciki da takalmi a ƙafa, ya fito ya shanya shi a kan dutse mai zafi, ya yi barcinsa a gindin bishiya. Da ya farka fatar ta bushe ƙayau. Daga ranar ƙyaƙ ɗin nan ya daina fita, sai wani ƙaras, ƙaras mai ban tausayi.

Ranar Litinin maɗaurin hagu ya fara ɗagewa. A cikin ayarin akwai wani dattijo baduku, da ɗan basillarsa a jaka. Ya tsuguna ya duba, ya ce, “Kawo in kama maka, ɗana. Fata ba yadi ba ce, ba ta son a matsa mata.” Tela ya ji maganar har cikin ransa. Shekara ashirin yana riƙe da allura, yau a ce za a koya masa ɗinki a bainar jama'a? Ya ce a bar shi, na gida ne. Ya zauna ya jera ɗinki kusa da kusa, ƙanana, masu kyau, irin wanda yake wa wuyan riga har a yaba. Bai san rami yake jerawa ba. Washegari da rana ta take, fatar ta bi layin ɗinkin ta yage daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙafar hagu ta ce fat, fat, sau biyu, ta yi shiru. Ta dama ba ta da lafiyar da za ta ci gaba ita kaɗai.

Har yanzu ba a zo ga babban laifin ba. Tela ya naɗe gawar a tsumma, ya cusa a jaka, ya ƙarasa da silifa. Da suka isa, abin da ya rage kawai ya buɗe jaka ya ajiye takalmin a ƙasa, ko da na ƙiftawar ido ne. Amma badukun nan yana tsaye daf da shi, kuma Tela ya kasa bari ya ga aikin hannunsa. Ya ce sai an jima, an jima ta zama gobe, gobe ta same shi a cikin motar komawa. Da Inna ta kira ta ce, “Ya taka?” sai ya ji bakinsa ya ce, “Ya taka, Inna.” Tun dawowarsa ƙunshin yana kan akwatinta, ba ta kwance ba, sai dai ta shafa shi in za ta wuce, kuma babu maƙwabciyar da ba ta ba labari ba.

Marigayin ya bar sandar tafiya, da gorar ruwa, da malafa mai huji biyu, da gwangwanin mai wanda babu komai a cikinsa. Silifa ma ta so a sa sunanta, an ce ta dakata.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a bayan ɗakin Inna, gindin bishiyar da Baba yake zama ya cire shi in ya taso aiki. Tela ne zai haƙa ramin shi kaɗai, kada kowa ya karɓe shi ko da an ga ya jiƙe da gumi. Masu zuwa ta'aziyya su zo da ƙafa. Baduku, in wannan takarda ta iske shi, an ajiye masa tabarmar gaba.

Roƙo ɗaya ake yi. Inna ba ta karatu, kuma har yanzu ba ta sani ba. Duk wanda takardar ta shiga hannunsa, don Allah ya kama bakinsa zuwa Juma'a da yamma. Tela zai rufe shago da wuri, ya je ya durƙusa a gabanta, ya karanta mata da bakinsa tun daga layin farko.