Ranar da Hulata Ta Yi Kumfa

Abubuwa da yawa sun fice min daga kai, ko shekaruna sai na tsaya na yi tunani, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsuguna gaban surukina ina zubar da hawaye kamar wanda aka yi wa rasuwa ba, alhali babu abin da ya mutu sai mutuncina. Gara in ba da labarin da bakina, don in na bar wa maƙwabtana, su da ƙari suke bayarwa.

Ni mai facin taya ne a bakin tasha nan Kaura. Ba a nan aka haife ni ba. Daga ƙauyenmu na wajen Birnin Tsaba muka taso, ni da matata Balki da yara huɗu, lokacin da zaman can ya gagara. Muka kama ɗaki a gidan haya. Magidanta shida ne a gidan, kowa da iyalinsa, wurin wanka ɗaya, masai ɗaya. Da safe in ka ga layin butoci a ƙofar masai sai ka ɗauka rabon taki ake yi.

A ƙauye ban taɓa sanin wanka yana da tsada ba. Rijiya tana ƙofar gida, soso yana fitowa da kansa a jikin danga, sabulun salo mata ke dafawa. A Kaura kuwa ruwa sai ka tare mai kura ka saya jarka-jarka. Soso saye. Tsintsiyar wanke banɗaki karo-karo. Masai in ya cika, mai gida ya bi ɗaki-ɗaki a haɗa kuɗin kwashewa. (Wato ka sayi abinci ka ci, ka kuma biya a kwashe shi. Wannan tsarin har yau bai shiga kaina ba.)

Da sabulu ya fara tashi kamar yana da fiffike, sai na kafa doka a ɗakina. Sandar sabulun wanki guda, in sa reza in yanka ta huɗu, kowane yanki ya yi mako. Da shi za a yi wanka, da shi wanki, da shi wanke-wanke. In ya ƙare kafin lokaci, wanda ya fito masai ya cuɗa hannu da toka, wanka kuma da ruwa zalla. Har wa'azi nake yi a kai. In ce, "Kakanninmu da wane sabulu suka yi wanka?" Balki ta ce, "Kakanninka ba su kwana cikin baƙin mai ba, Malam."

Ana haka sai wani direban hanyar Shinkafi, da na fitar da shi daga wahalar taya ranar kasuwa, ya miƙo min kyautar sabulun wanka. Irin na tsallaken iyaka ne, kore, cikin takarda mai rubutun Faransanci. Na kai hanci. Jama'a, tunda uwata ta haife ni ban taɓa shaƙar abu irin wannan ba. Na sa shi aljihu da niyyar kai wa Balki, Allah ya sani. A hanya ne zuciya ta fara yi min bayani: mutum shida, sabulu ɗaya, kwana huɗu ya zama labari. Kuma wa ke shan baƙin mai a gidan? Kafin in kai ƙofar gida na riga na yanke wa kaina hukunci, kuma ni na ci shari'ar. Na naɗe shi a leda, na cusa cikin wani tsohon tib na taya da na rataye a zaure.

Daga ranar na koma mai dawowa gida da azahar. In shigo, in zare sabuluna a ɓoye, in shige wurin wanka da rigata da hulata, in rataye su a ƙusa, in yi wanka irin na masu hali. Matsalar ita ce ƙamshi. Don kada Balki ta ji, in na gama sai in ɗauko tsumman aikina in goga a wuya da hannuwa. (Ku tsaya ku duba wannan da kyau. Mutum mai furfura ya yi wanka da sabulu mai ƙamshi, sannan ya shafa dattin taya da hannunsa. Ni ma yanzu in na tuna sai in rasa wa nake cuta.)

Da zafi ya kankama, ƙuraje suka feso wa autarmu Hauwa'u a wuya da baya. Mai kemis ya ce a riƙa yi mata wanka da sabulu mai laushi safe da yamma. Balki ta dube ni. Na ce, "Babu." A raina na so in fito da shi, amma sabulun ya riga ya yi rabi. In ce mata me? Na tsince shi a haka? Na ce bari in jira dabara ta zo. Dabara ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne mahaifin Balki, don ashe ta aika masa saƙo ta bakin wata mata mai zuwa kasuwar Zurmi, ban sani ba.

Wata azahar ina cikin wurin wanka, na gama ɗauraye jiki ke nan, na ji sallamar tsoho a zaure. Na ji Balki tana, "Lale, Baba, lale!" tana jan tabarma. Zauren nan shi ne ma'ajiyata, ga shi an shimfiɗa wa Baba daidai ƙarƙashin tib ɗin. Na juya zan ɗauki leda, gaggawa ta sa ta faɗa cikin kwata. Na laluba aljihun riga, duka biyun a ɓule suke. In bar shi a nan? A gidan nan ko guntun soso ka manta, kafin ka juyo ya sami sabon mai shi. Kuma baƙo ya zo daga tafiya, ba mamaki yanzu a kawo masa ruwa nan.

Sai na ɗaga kai na ga hulata a ƙusa.

Ban san wane aljani ya ce min wannan shawara ce ba. Na ɗora jiƙaƙƙen sabulu a tsakiyar kaina, na kifa hula, na danna. Na ce gaisuwa ce kawai, in gaida shi in fice.

Duk wanda ya san surukuta a wajenmu ya san babu "gaisuwa kawai". Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na tsuguna a bakin ƙofar zaure, kai a ƙasa. Gaban suruki ba ka ɗaga ido, ba ka cire hula, ba ka tashi sai ya sallame ka. Baba kuma mutum ne da ba ya tsallake kowa a gaisuwa. Ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi yara ɗaya-ɗaya da sunansu, ya tambayi wani ƙanen babana da ya rasu tun bara, na tuna masa, muka sake yi masa addu'a. Rufin zauren kwano ne, rana tana tsaka. Gumi ya fara aikinsa.

Da farko wani sanyi-sanyi na ji a ƙoƙon kai, har da ɗan daɗi. Sai na ji abu yana gangarowa ta goshi a hankali. Ya tsaya a gira kamar mai neman izini, sannan ya shiga ido.

Ban san da me mutanen can suke haɗa sabulunsu ba, amma barkono ƙanensa ne.

Daidai lokacin Baba ya gyara murya. Ya ce, "To, ɗana. Ɗiyata ta aiko man da magana. Ta ce gidan ga ko sabulun da za a yi ma yarinya wanka babu, da toka kuka wanke hannu. Gaskiya ne?"

Na ce, "Babu, Baba." Allah ya tsare ban rantse ba, don ruwan ya riga ya kai bakina, ɗaci ya hana.

Balki tana zaune daga cikin ƙofa ta wajen tsakar gida. Na ji ta ja hanci. Ta ce, "Ni kam wani ƙamshi nike ji."

Na ce, "Daga ɗakin maƙwabta ne." Baba mura yake yi, hancinsa a toshe, wannan kaɗai ya rage min a duniya.

Idanuna suka cika. Na sa hannun riga na goge, na ƙara tura shi ciki. Hawaye suka ɓalle, majina ta biyo baya, kafaɗuna suna rawa don azaba. Sai na ji tsoho ya yi salati.

Ya ce, "Subhanallahi. Balki, dibi mijinki. Namiji da hurhura shina kuka gaban surukinai. Ke kin ce rowa ce. Wanga ba rowa ba ce, rashi ne." Ya ce, "Yi haƙuri, ɗana. Zaman birni ya kada waɗanda sunka hi ka ƙarhi."

Ba zan ɓoye muku ba, a cikin azabar nan sai da na ji wani ɗan daɗi. Na ce ashe sabulun nan bai gama yi min amfani ba. Har na ƙara sunkuyar da kai, na saki wata ajiyar zuciya ta musamman.

Baba ya ci gaba. "Na zo da gero kaɗan. Amma gero ba ya maganin wanga hali. Ga abin da za a yi. Gobe in tahi da Balki da ɗiyan duka, su zauna wurina har kaka. Kai kuma ka ji da bakinka guda, ka huta."

Nan daɗin ya tsaya. Daga zafi zuwa kaka ba kwana biyu ba ne. Kuma ƙauyen da muka kwaso yaran daga cikinsa da gudu, can za a mayar min da su, saboda na iya kuka? Duk rowata, ban taɓa kwana ban ji numfashin yaran nan a ɗaki ba. Ga Balki kuma na san halinta: in Baba ya ce a tafi, ko tsintsiya ba za ta bar min ba.

Na manta da abin da ke kaina. Na ce, "A'a, Baba! A'a, don Allah!" ina girgiza kai da ƙarfi.

Hular ta zame gefe guda. Sabulun ya sulɓo ta bayan kunnena, ya daki kafaɗa, ya faɗi a siminti, ya yi ta sulu kamar an aike shi, bai tsaya ko'ina ba sai a jikin babban yatsan ƙafar Baba. Hular ta biyo shi ta faɗi a buɗe, cikinta fari fat da kumfa.



Baba ya sa yatsa biyu ya ɗauka. Ya juya shi. Ya kai hanci, kuma duk da murar sai da ya ɗaga gira. Ya ce, "Mi ne wanga?"

Na ce, "Sabulu ne, Baba."

Ya ce, "Na san ba ƙuli-ƙuli ba ne. Na wa?"

A nan ya kamata in yi shiru. Amma bakin da ya saba ba ya jin birki. Na ce, "Ajiya aka ba ni."

Balki ta ce, "Mai ajiyar ne ya ce a riƙa rage masa shi kullum da azahar?"

Daga bayan bango na ji wata mata ta tuntsire da dariya, wata ta taya ta, sai ga gidan duka ya ɗauka. Ashe tun fara kukana suke laɓe. Ni kuwa ina tsugune, kai ba hula, kumfa na bin kunne, ido jawur, kuma har lokacin ba a sallame ni ba.

Baba bai yi dariya ba, kuma bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi. Ya daɗe yana duban sabulun, sannan ya ce, "Na tausaya ma banza, har idona ya kawo ruwa. To. Mutumin da ka aje sabulu bisa kai bai kai ga a ɗauke mai iyali ba. Balki, zamanki za ki yi. Geron ga hannunki zan ba, ba hannunai ba." Ya miƙa mata sabulun. "Hwara da Hauwa'u. In kin gama ki yi ma sauran, ke ma ki yi. Sannan a kai man ruwa, na sha ƙurar hanya." Sai ya juyo ya dube ni. "Kai za ka kai."

Ni na tare mai kura. Ni na yi ta jigilar bokiti ina wucewa ta gaban matan gida, kowace ta sami abin yi a ƙofar ɗakinta. Baba ya shiga na ƙarshe, ya daɗe har na fara tunanin ko barci ya ɗauke shi. Da ya fito, tsoho yana ƙamshi kamar ango, ya kira ni ya sa min abin da ya rage a tafin hannu. In ka ɗaga shi sama kana hango rana ta cikinsa. Ya ce, "Ga ajiyar mutane, a mayar musu."

Balki ta zauna, yaran suka zauna. Ƙurajen Hauwa'u suka baje bayan na sayo wani sabulun da kaina, ba tare da an roƙe ni ba. Kwana uku Balki ba ta ce min komai ba sai "ga abinci". A rana ta huɗu ina shirin fita, na sa hula, sai ta ce, "Malam, tsaya." Ta ɗaga hular, ta leƙa ciki, ta mayar min. Ta ce, "A dawo lafiya." Har yau wani lokacin takan yi, musamman in muna da baƙi.

Abin da na koya ba shi da yawa, ni ba malami ba ne. Tsadar Kaura gaskiya ce, ba ta ragu ba, kuma ba ni na kawo ta ba. Amma in za ka ce wa iyalinka babu, ka tabbata babun ta shafe ka kai ma. In kuma zuciya ta fi ƙarfinka, dole sai ka ɓoye wani abu, to don Allah ka nemi wanda ba ya narkewa.